Me ya sa 2,147,483,647 ta fita daban, kuma ta yaya aka tabbatar ba ta rabuwa?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta, kuma sau da yawa idan lissafina ya yi girma sai wannan lamba ta fito: 2,147,483,647. Da na bincika sai na tarar an jera mata siffofi rututu, wai firaim ce, wai ta Mersenne ce, wai mai giɓi ce, wai ba "mai farin ciki" ba ce, da sauransu. Mece ce ma'anar waɗannan? Kuma ta yaya mutum zai bugi ƙirji ya ce lamba mai alƙaluma goma ba ta rabuwa da komai?

Amsa: Ka faɗa kan lamba mai daraja, ɗan'uwa. Sai dai kada tsawon jerin nan ya ruɗe ka, domin irinsa yakan gwamutsa abubuwa iri biyu da ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai siffofin da na lambar ne ita kanta, ko da wane tsari ka rubuta ta suna nan. Akwai kuma waɗanda na rubutun ne kawai, sun samu ne don muna ƙirga goma-goma. Na farko jiki ne, na biyu riga. A wannan lamba kuwa, kusan duk abin da yake na jiki daga abu biyu ya fito. Na ɗaya, firaim ce, wato babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Na biyu, 2³¹ − 1 ce: ka jera 2 guda talatin da ɗaya, ka ninka su da juna, ka sami 2,147,483,648, sannan ka ɗebe 1.

Bari mu sallami na riga tukuna, ba su da wuya. Alƙalumanta goma ne, jimlarsu 46. Idan ka karanta ta daga baya sai ta zama 7,463,847,412, wadda cika ce tunda ta ƙare da 2. Batun "farin ciki" kuwa wasa ne da alƙaluma: ka ninka kowane alƙalami da kansa, ka tara, ka maimaita da abin da ka samu. Idan ka sauka a kan 1 an ce lambar mai farin ciki ce. Tamu tana ba da 260, sai 40, sai 16, 37, 58, 89, 145, 42, 20, 4, sai 16 kuma, ta shiga zagayen da ba fita. Shi ke nan ma'anar. Ba laifi a yi wasan, amma da mutane yatsu takwas gare su, suna ƙirga takwas-takwas, da amsar wannan wasa ta iya zama daban, lambar kuwa tana nan yadda take. Abu guda da jimlar alƙaluma ke faɗa maka na gaske shi ne saura: 46 ta koma 4 + 6 = 10, ta koma 1, saboda haka idan ka raba lambar da 9 ko da 3, saura 1 za ka samu. Wannan na jiki ne, rubutun goma-goma hanya ce kawai ta leƙo shi.

Yanzu dubi abin da zamanta firaim ya jawo. Masu raba ta biyu ne rak, kuma jimlarsu ita ce 1 + 2,147,483,647, wato 2³¹ daidai. Daga nan "mai giɓi" ta fito. Tun wajen shekara ta 100 miladiyya Nicomachus ya kasa lambobi gida uku bisa jimlar masu raba su, ban da su kansu. Idan jimlar ta zarce lambar, mai rara ce, kamar 12, wadda 1 + 2 + 3 + 4 + 6 ke ba ta 16. Idan ta zo daidai, kamila ce, kamar 6 da 28. Idan ta gaza, mai giɓi ce. Tamu jimlarta 1 ce tak, giɓin da ba a iya wucewa. To amma haka 5 take, haka 13, haka kowace firaim, don haka wannan layi bai ƙara maka komai ba. Haka ma layin da ke cewa lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su tarayya da ita a mai rabawa guda 2,147,483,646 ne: dukkansu ke nan. Haka wanda ke cewa hanya ɗaya ce ake tara lambobi mabiya juna a same ta, wato 1,073,741,823 + 1,073,741,824. Duk maimaicin magana ɗaya ce da baki daban-daban.

Maƙwabtanta sun fi ba da labari. Firaim da ke gabanta ita ce 2,147,483,629, ta bayanta 2,147,483,659, tazarar 18 da 12 ke nan, a yankin da matsakaiciyar tazara take wajen 21. Ba tagwaye ba ce, domin tagwayen firaim su ne masu tazarar 2, kamar 11 da 13. Ka ɗebe mata 2 ka sami lamba mai ƙarewa da 5, ka ƙara mata 2 ka sami 3 × 715,827,883. A jerin firaim daga 2, ita ce ta 105,097,565. Idan kuma ka ninka ta biyu ka ƙara 1, ba firaim za ka samu ba, sai 4,294,967,295, wadda ta fashe zuwa 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537. Waɗannan biyar su ne kaɗai firaim na Fermat (masu siffar 2ⁿ + 1, kamar 17 = 2⁴ + 1) da aka sani har yau, ga su a wuri ɗaya.

Akwai siffa guda da nake so ka gwada da hannunka, batun murabba'i, wato lamba sau kanta. Ka raba tamu da 8, saura 7. Kowane murabba'i kuwa idan an raba shi da 8, saurarsa 0 ce, ko 1, ko 4, babu ta huɗu. Gwada 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49 ka gani. Ɗauki uku daga cikin 0, 1 da 4, ka haɗa yadda ka ga dama, ba za ka taɓa samun saura 7 ba. Saboda haka lambarmu ba murabba'i ba ce, ba jimlar murabba'i biyu ba ce, ba ta uku ba ce. Amma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba, kuma ga tata:

46,339² + 425² + 10² + 1² = 2,147,302,921 + 180,625 + 100 + 1 = 2,147,483,647

Hanyoyin yin haka ba kaɗan ba ne. Ƙa'idar Jacobi ta ce ga lamba mara, ka ninka jimlar masu raba ta da 8. A nan 8 × 2³¹ ke nan, wato 2³⁴, ko 17,179,869,184, idan ana lissafa sauyin jeri da alamar ɗebewa a matsayin hanya daban.

Sunan Mersenne daga siffar 2ⁿ − 1 ya zo. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce a tsarin da kwamfuta ke rubutu, na 0 da 1. A can lambarmu 1 ce guda talatin da ɗaya a jere, ba sifili ko guda. Daga wannan kaɗai za ka ga dalilin da ya sa dole n ta zama firaim kafin a yi zancen komai. Ɗauki 1 guda shida, 111111, wato 63. Tunda shida tana kasuwa biyu-biyu, jeren yana yankuwa 11, 11, 11, kuma hakan na nufin 11 × 10101, wato 3 × 21. Duk jeren da tsawonsa ke kasuwa, lambar ma tana rabuwa. Talatin da ɗaya ba ta kasuwa, don haka wannan ƙofa a rufe take.

Sai dai rufewar ƙofa ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma a nan mutane da yawa suka yi tuntuɓe. 11 firaim ce, amma 2¹¹ − 1 = 2,047 = 23 × 89. Pietro Cataldi, mutumin Bolonya ta Italiya, ya tabbatar a 1588 cewa n = 17 da n = 19 suna ba da firaim, kuma ya yi gaskiya, domin ya zauna ya yi rabon. Sai ya zarce ya ce haka ma 23, 29, 31 da 37, alhali teburin firaim ɗinsa bai wuce ɗari bakwai da 'yan kai ba. A 1640 Fermat ya nuna 47 tana raba 2²³ − 1, kuma 223 tana raba 2³⁷ − 1. Daga baya Euler ya nuna ta 29 ma haɗaɗɗiya ce, 233 × 1,103 × 2,089. Cikin zato huɗu ɗaya ya tsira, na 31, shi ma sa'a ce ba sani ba. Marin Mersenne, limamin Kirista a Faransa, ya fitar da nasa jerin a 1644: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya tsallake 61, 89 da 107, amma sunansa ne ya manne wa dangin. Tamu ita ce ta takwas a cikinsu.

To ga zuciyar tambayarka: ta yaya aka tabbatar? Leonhard Euler ne ya yi, ya sanar a wata wasiƙa ta 1772 zuwa ga ɗaya daga cikin 'yan gidan Bernoulli, a lokacin yana Rasha kuma idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Abin da zai amfane ka shi ne yadda aikin ke raguwa mataki-mataki.

Mataki na farko kowa zai iya. Idan lamba ta rabu gida a × b, ba zai yiwu a da b duka su fi saiwar murabba'inta girma ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta ake samun ta, in ba haka ba ninkinsu ya wuce ta. 46,340 × 46,340 = 2,147,395,600, bai kai ba; 46,341 × 46,341 = 2,147,488,281, ya wuce. Ashe ba sai ka gwada lambobi biliyan biyu ba, iyakarka 46,340. Kuma ba dukkansu ba, firaim ɗin cikinsu kawai, kusan dubu huɗu da ɗari takwas. Ga kwamfutarka wannan ƙiftawar ido ce. Ga mai alƙalami da takarda, rabon lamba mai alƙaluma goma sau dubu huɗu da ɗari takwas aiki ne da kuskure ɗaya zai rushe.

Mataki na biyu na Fermat ne, kuma shi ya fi kyau. A ce wata firaim q tana raba 2³¹ − 1. Ka fara da 1, kana ninkawa da 2, kana raba da q kana riƙe saura kawai. Cewa q ta raba lambarmu daidai yake da cewa a taki na 31 saurar ta dawo 1. Zagaye ne ke nan, kuma tsawon zagayen dole ya raba 31. Tunda 31 firaim ce, kuma tsawon ba 1 ba ne, to 31 ne cif. Ƙaramar ƙa'idar Fermat kuma ta ce ga kowace firaim mara, saurar tana dawowa 1 a taki na q − 1. Saboda haka 31 tana raba q − 1. Ƙari a kan haka q mara ce, don haka q − 1 cika ce, 62 ma tana raba ta. Duk mai son raba lambarmu dole ya kasance 62 sau wani abu, a ƙara 1. Gwada dabarar a kan 2,047: a can ana sa ran 22 sau wani abu da 1, ga kuwa 23 = 22 + 1, ga 89 = 88 + 1.

Mataki na uku ya sake yanke rabi. Idan 2³¹ tana barin saura 1, to 2³² tana barin saura 2, ita kuwa 2³² murabba'in 2¹⁶ ce. Wato a lissafin saura na q, akwai lambar da in an ninka ta da kanta ana samun 2. Hakan ba ya faruwa sai ga firaim da ke barin saura 1 ko 7 idan an raba su da 8. Ka haɗa wannan sharaɗi da na 62, sai ya rage iri biyu: 248 sau wani abu da 1, ko 248 sau wani abu da 63. A ƙasa da 46,340 irin waɗannan ba su kai ɗari huɗu ba. Kuma yawancinsu ba firaim ba ne, sai a zubar. Duba farkon jerin: 63 ta faɗi, 249 = 3 × 83 ta faɗi, 311 ta tsaya, 497 = 7 × 71, 559 = 13 × 43, 745, 807, 993, 1,055, 1,241 = 17 × 73 duk sun faɗi, sai 1,303 ta tsaya. Idan ka gama tankaɗen, waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba.

Ga gwajin farko, na 311. Ba sai ka raba doguwar lambar ba. 2⁸ = 256. Ninka ta da kanta ka riƙe saura, 2¹⁶ ta bar 226. Ninka da 256, 2²⁴ ta bar 10. Ya rage a ninka da 2⁷, wato 128: 10 × 128 = 1,280, ka cire 311 sau huɗu, 1,244, ya rage 36. Da 311 tana raba lambarmu da 1 muka gani a nan. Mun ga 36, don haka saurar 2³¹ − 1 ita ce 35, kuma kana iya dubawa: 311 × 6,905,092 = 2,147,483,612, a ƙara 35. Ka yi haka ga sauran, babu wadda ta ba da 1. Hujjar ke nan, cikakkiya, ba zato ba. Daga biliyan biyu zuwa ƙasa da ɗari, kuma a kowane mataki tunani ne ya rage aikin.

Ta zauna a matsayin firaim mafi girma da aka tabbatar kusan shekara ɗari, har 1867, lokacin da Fortuné Landry ya wuce ta. A tsakani, Peter Barlow na Ingila ya rubuta a littafinsa na 1811 cewa kamilar lambar da ta dogara da ita mai yiwuwa ita ce mafi girma da za a taɓa ganowa, tunda a cewarsa abin sha'awa ne kawai marar amfani, da wuya wani ya wahalar da kansa. Ana yawan yi masa dariya, amma a ganina a yi masa adalci: da hanyar gwada rabo, wadda ita kaɗai ce a hannu a zamaninsa, hasashensa ba wauta ba ne. Abin da ya karya shi sabuwar hanya ce. Édouard Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1 a 1876, lamba mai alƙaluma 39, ba tare da ya gwada ko mai rabawa ɗaya ba, sannan Derrick Lehmer ya gyara dabarar a 1930.

Gwajin Lucas da Lehmer gajere ne har ka iya rubuta shi yau da layi biyar. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka ɗebe 2, ka riƙe saura bayan rabo da 2ⁿ − 1. Ka maimaita sau n − 2. Idan ka ƙare a sifili firaim ce, idan ba haka ba haɗaɗɗiya ce. Ga 127, inda n = 7: 4, 14, 67, 42, 111, 0. Ga 2,047 kuwa ana ƙarewa a 1,736, ta faɗi, ko da yake gwajin ba zai gaya maka 23 da 89 ne suka raba ta ba. Ga tamu ana farawa 4, 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, a ci gaba, a taki na 29 a sauka a sifili. Wannan gwaji ne ya sa mafi yawan manyan firaim da aka sani na Mersenne ne. Ba wai sun fi yawa ba, su ne dai muke da saurin tantancewa. Shirin GIMPS na 'yan sa-kai, wanda George Woltman ya kafa a 1996, shi ya gano 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1 a Oktoban 2024, mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a dangin. Ko dangin yana da iyaka ko ba shi da ita, har yau ba wanda ya kawo hujja.

Kamilar da Barlow ke magana a kanta ga ta. Euclid ya nuna cewa idan 2ⁿ − 1 firaim ce, to ninkinta da 2ⁿ⁻¹ kamila ce, Euler kuma ya nuna duk kamila cika ta wannan hanya take zuwa. Daga 3 aka sami 6, daga 7 aka sami 28, daga 31 aka sami 496, daga 127 aka sami 8,128. Tamu ta haifi ta takwas: 1,073,741,824 × 2,147,483,647 = 2,305,843,008,139,952,128. Ita ce kuma abin da za ka samu idan ka tara 1 + 2 + 3 har zuwa 2,147,483,647. Lambar da ta fi kowa giɓi ita ce uwar kamila.

Wani abu kuma da ya fi wannan ƙaranci: 31 ɗin kanta ta Mersenne ce, 2⁵ − 1. Irin wannan mai hawa biyu guda huɗu kawai aka sani firaim: 7, 127, tamu, da 2¹²⁷ − 1 ta Lucas. Huɗun da ke biye, waɗanda aka gina a kan 8,191, da 131,071, da 524,287, da kuma kan tamu ɗin, duk an tabbatar haɗaɗɗu ne.

Yanzu ga dalilin da take fito maka a manhaja, kuma a nan ka lura da kyau: ba don tana firaim ba ne. A yawancin harsunan kwamfuta ana ware wa lamba gurbi 32, kowane gurbi 0 ko 1. Guda ɗaya yana nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, ya rage 31. Ka cika su duka da 1, ka kai ƙarshe: 2,147,483,647, wadda a rubutun sha shida-sha shida take 7FFFFFFF. Zamanta firaim dacewa ce. Mai gurbi 16 iyakarta 32,767, wadda take 7 × 31 × 151. Mai gurbi 64 iyakarta 9,223,372,036,854,775,807, kuma tunda 3 tana raba 63, ka riga ka san 7 tana raba ta ba tare da ka taɓa na'ura ba.

Idan aka wuce iyakar, abu biyu ne ke faruwa, kuma yana da kyau ka rarrabe su. Wani lokaci lissafin yana kifewa: a harshen Java, ka ƙara mata 1 ka sami −2,147,483,648, ka ninka 46,341 da kanta ka sami −2,147,479,015. A harshen C ma abin ya fi muni, domin ƙa'idar harshen ba ta yi alkawarin komai ba a irin wannan hali. Wani lokaci kuma lambar makalewa take yi a iyaka, misali idan aka tura ƙatuwar lamba mai ɗigo cikin ƙaramin gurbi a Java. Tunda kai ita kanta kake gani ba mai alamar ɗebewa ba, na fi zaton wannan na biyun ne, ko kuma an sa ta a matsayin "babu abin da ya fi wannan" a farkon neman mafi ƙanƙanta, aka ƙare ba a sami komai ba. Ko wanne ne, kusan koyaushe alama ce ta cewa amsar gaskiya ta ɓace, ba amsar ba ce. Kuma iyakar tana kusa fiye da yadda ake zato: 1 × 2 × 3 har zuwa 12 tana ba da 479,001,600, ta shiga, ka ninka da 13 ta zama 6,227,020,800, ta fashe.

Agogon Unix, wato tsarin da kwamfutoci da yawa ke ajiye lokaci da shi, yana ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairun 1970. Daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki, don haka na'urar da ke ajiye lokaci a gurbi 32 za ta cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 03:14:07 agogon GMT, daƙiƙa ɗaya bayan nan ta tsinci kanta a 13 ga Disamban 1901. Idan da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake ƙirgar, kwana 24 da awa 20 sun isa. YouTube ma ya sanar a Disamban 2014 cewa ya mayar da ma'aunin yawan kallo zuwa gurbi 64, saboda wani bidiyo da ya kai wannan iyaka.

Akwai dai wuri guda da siffofin biyu suka haɗu suka yi aiki tare, wato samar da lambobi masu kama da na ƙuri'a. Stephen Park da Keith Miller sun ba da shawarar wannan tsari a 1988: ka ɗauki lamba, ka ninka da 16,807, ka riƙe saura bayan rabo da 2,147,483,647, ka maimaita. Daga 1 za ka sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Don tana firaim, jeren ba ya taɓa faɗawa sifili, kuma tsawon zagayensa dole ya raba 2,147,483,646, wadda take 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Da 2 aka zaɓa a matsayin abin ninkawa, da zagayen ya ƙare a taki 31, kamar yadda muka gani a hujjar Euler. Ita 7 tana zaga dukkan lambobi 2,147,483,646 kafin ta dawo, kuma 16,807 ita ce 7⁵; tunda 5 ba ta cikin masu raba waccan lamba, ita ma tana zaga su duka. Don kuma tana 2³¹ − 1, ba a bukatar rabo na gaske: ka yanka sakamakon a gurbi na 31, ka tara ɓangarorin biyu, irin dabarar tara alƙaluma don gano saurar 9. Tsarin yana nan a C++ da sunan minstd_rand0. Ya isa koyo da ƙananan gwaje-gwaje, amma kada ka kuskura ka yi amfani da shi wajen kalmar sirri ko tsaro, domin wanda ya ga lamba ɗaya ya san duk na gaba.

Game da manhajarka, mayar da ma'ajin lambar zuwa mai gurbi 64, kuma ka tabbata an yi sauyin kafin ninkawa, ba bayanta ba, domin in an riga an ninka a ƙaramin gurbi ɓarnar ta auku. Idan kuma wata rana ka bukaci firaim irin wannan da za ta shiga gurbi 64, ka ɗauki ta tara a dangin, wadda Mersenne ya tsallake kuma Ivan Pervushin ya tabbatar a 1883: 2⁶¹ − 1 = 2,305,843,009,213,693,951.